Yawon Neman Asalin Kiɗan Juju A Birnin Ikko

Duk wanda ya taɓa kwana a Ikko daren Asabar ya san ba a runtsawa, sai dai barci ɓarawo ya sace mutum. Tun daga la'asar za ka ga an kakkafa rumfuna, an jera kujeru, mata sun ci ado da anko, ɗaurin kallabi kamar zai taɓo sama. In ba biki ba suna, in ba suna ba to taron tunawa da wani tsoho ne da ya daɗe da rasuwa, gama Yarbawa ba su rasa dalilin taro. A can gefe kuwa ga makaɗa, mutum goma sha, wani lokaci har ashirin, wasu da jita, wasu da kalangai, ana zuba wa masu hali kirari suna tasowa suna liƙi. Wannan kiɗa shi ake kira juju.

Kada sunan ya firgita mai karatu, ba shi da wata dangantaka da tsafi. Masana sun kawo bayani biyu a kansa. Wasu sun ce daga amon wani ɗan bandiri mai kacau-kacau aka samo shi, wasu kuma sun ce daga kalmar Yarbanci ce mai ma'anar jifa, saboda mai kaɗa bandirin yakan cilla shi sama ya cafe don burge 'yan kallo.

Mu mutanen Arewa da mun ji shi sai mu ce kiɗan Yarbawa ne na gado, a wuce wurin. Amma wanda ya bi titunan tsibirin Ikko da ƙafa, unguwa bayan unguwa, zai tarar kiɗan bai fi shekara ɗari ba, kuma kusan kowane abin kiɗa da ke cikinsa baƙo ne ya shigo da shi, wani ta teku, wani ta tudu. Abin da na fita dubawa ke nan, kuma shi nake so in kawo wa jama'a.

Gari mai ƙofa biyu

Matafiyin da ya fito daga Arewa a zamanin da, tashar jirgin ƙasa ta Iddo ita ce zangonsa na ƙarshe. Daga nan sai ya hau gadar Carter, wadda aka gama ta farkonta a 1901, ya sauka a Idumota. Ni ma ta nan na bi. Daga kan gadar mutum yana ganin abin da ya yi Ikko: ruwa a hagu, ruwa a dama, jiragen fito na kai da kawowa, can gaba kuma mashigin teku inda manyan jiragen ruwa ke bi su shiga Apapa.

Sunayen garin ma kansu shaida ne. Yarbawan Awori masunta su ne suka fara zama. Sunan Eko, wanda mu muka mayar Ikko, ana danganta shi da mutanen Bini waɗanda suka kafa sansanin yaƙi a tsibirin. Sunan Legas kuwa 'yan Fotugal ne suka raɗa, daga kalmarsu ta tafkuna. Ingilishi suka yi wa garin ruwan igwa a 1851, suka karɓe shi gaba ɗaya a 1861. Kafin wannan ma akwai Nufawa, waɗanda Yarbawa ke kira Tapa, har ɗayansu, Oshodi Tapa, ya zama babban jarumin Sarki Kosoko. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa 'yar rundunar Hausawa a nan, wadda ake lissafa ta cikin tushen sojan Nijeriya. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai ƙofar tudu ta buɗe sosai, fatake da 'yan koli da mahauta da malamai suka yi ta kwararowa, ana sauke shanu ana ɗaukar goro.

To, gari irin wannan, inda kowa ya zo da harshensa da addininsa, dole ya zo da kiɗansa.

Olowogbowo

Daga Idumota in ka kutsa cikin kasuwar Balogun, inda ba masaka tsinke saboda cunkoso, za ka faɗa unguwar Olowogbowo. Yau atamfa da leshi da takalma sun cinye ta, amma a da unguwar Saro ce. Su Saro Yarbawa ne da aka kama bayi, jiragen yaƙin Ingila suka ƙwace su a teku suka sauke su a Saliyo. A can suka yi karatun boko, da yawansu suka shiga addinin Kirista, suka ɗauki sunaye irin su Williams da Coker da Macaulay, sa'an nan suka fara komowa gida tun wajen 1840. Su ne akawuna da malaman makaranta da lauyoyin Ikko na farko. Akwai Musulmi a cikinsu ba kaɗan ba. A titin Martins har yanzu ga masallacin Shitta-Bey yana tsaye, wanda aka buɗe a 1894. Attajirin da ya ba da kuɗin gininsa, Muhammadu Shitta, Saro ne. Wanda ya gina shi kuwa, Joao Baptista da Costa, daga Barazil ya komo. Laƙabin Bey ɗin kuma Sarkin Santambul ne ya aiko masa da shi. Dubi ƙasa nawa suka haɗu a gini guda.

A wannan unguwa aka haifi Abdurrafi'u Babatunde King a 1910, wanda aka fi sani da Tunde King, kuma shi ake ɗauka uban juju. Musulmi ne daga gidan da ke da alaƙa da Saliyo. Da yamma shi da abokansa sukan taru a shagon wani makaniki a yankin Balogun, suna hira suna taɓa kiɗa. Ba wani taron a zo a gani ba ne. Mutum uku ne kawai: shi yana riƙe da banjo, wato ɗan molon Turawa, wani yana kaɗa bandirin nan mai kacau-kacau irin wanda 'yan mishan na Salvation Army ke kaɗawa a bakin titi, na ukun kuma yana girgiza shekere, wato duma da aka yi wa raga da tsakiya.

Salon taɓa tsirkiyar kuwa na mutanen Kuru ne na Laberiya. Su ne ma'aikatan jiragen ruwa na wannan gaɓa tun daga Saliyo har Kwango, kuma duk tashar da suka sauka sai sun bar irin kiɗan jitarsu da ake yi da yatsa biyu, babban yatsa da manuni. A mashayar bammi ake yinsa, har aka sa masa sunan bammin. Yadda 'yan amshi ke jera murya, wata bisa wata, daga waƙoƙin coci aka koyo. Kalmomin waƙar da karin magana da kirari su ne na Yarbawa. A 1936 kamfanin Parlophone ya ɗauki Tunde King a faifan garmaho, daga nan kiɗan shagon makaniki ya shiga gidajen manya.

Unguwar Aguda

In ka bar Balogun ka ratsa dandalin Tinubu ka nufi gabas, tafiyar da ba ta kai mil guda ba, sai ka shiga Popo Aguda, wajen dandalin Campos da titin Bamgbose. Nan mutum zai fara ganin ragowar benaye masu dogayen tagogi da ado na filasta a goshin ƙofa. Aguda su ne bayin da suka komo daga Barazil da Kuba. Labarinsu ya shafe mu kai tsaye. A jihar Bahia ta Barazil an tara bayi Hausawa da Yarbawa da Nufawa masu yawa, tun 1807 Hausawa suka ƙulla bore a can, kuma a watan azumi na 1835 bayi Musulmi suka yi babban tawaye a birnin Salvador. Bayan an murƙushe shi hukuma ta tsananta musu, aka kori wasu, wasu suka fanshi kansu suka hau jirgi. Komowar ta ci gaba har bayan da Barazil ta hana bauta a 1888.

Sun komo da sunaye irin su da Silva da Pereira da da Rocha, da sana'ar birkila da kafinta da tela, da wani abinci na wake da madarar kwakwa da suke ci lokacin Ista, da wasan tituna na shekara-shekara wanda jikokinsu ke yi har yau. Sun kuma komo da ganga mai suna samba, wadda kafinta ke haɗawa da katako kusurwa huɗu ya ɗaura mata fata. Ita ce ta haɗu da wani kiɗa mai suna ashiko wanda ya yi tashe tsakanin Kiristocin Ikko, inda har zarton kafinta ake gogawa da ƙusa ya ba da amo. Daga ashiko juju ya ari taku da saurin rawa.

Ba a nan zumuncin Ikko da ƙetaren teku ya tsaya ba. Daga shekarun 1930 kamfanin HMV ya riƙa sayar da faya-fayen kiɗan Kuba a Afirka ta Yamma, waɗanda aka sani da lambar GV. Makaɗan Ikko suka saurara, suka ji amon da bai yi musu baƙunta ba, gama kakanninsu ne suka kai shi can cikin mari. Suka ɗauki gangunan konga da 'yan caki na maraka suka ƙara cikin nasu. Wato kiɗa ya tafi bauta ya komo da riba.

Goge ya sauka kudu

Duk abin da na lissafa ta teku ya shigo. Sauran na tudu. A daidai lokacin da Kiristoci ke ashiko, Musulmin Ikko suna da nasu kiɗan mai suna sakara, wanda ya gangaro ta hanyar Ilori. Bahaushen da ya ji sakara ba ya bukatar tafinta, domin goge ne ke jan gaba, Yarbawa suna ce masa goje, mawaƙin kuma yana jan murya a hankali kamar mai bege. Gangar kanta 'yar da'ira ce ta yumɓu da aka rufe da fata. Abibu Oluwa ya yi suna da shi a Ikko a shekarun 1930, bayansa Yusufu Olatunji ya riƙe tutar har rasuwarsa a 1978. Waƙar da matan Musulmi ke yi wajen biki da tarbar alhazai kuwa sunanta waka, kalmarmu ce ba ko canji. Batile Alake da Salawa Abeni da ita suka shahara.

In ka tsallaka ruwa ka koma Mushin, unguwar talakawa mai cike da hayaniya, nan ne wani reshen ya tsiro. A watan azumi samari sukan bi gida-gida cikin dare da ganguna da gwangwanaye suna ta da mutane sahur, abin da suke kira were ko ajisari. Wanda ya san tashe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Cikin waɗannan samari akwai Sikiru Ayinde, wanda aka yi wa laƙabi da Barrister, an haife shi a 1948. Ya yi aikin soja lokacin yaƙin basasa, daga baya ya fitar da kiɗan daga watan azumi ya mai da shi na kowane lokaci, ya haɗa masa sakara da apala da wani abu na juju. Ya ce sunan fuji ya samo shi ne daga hoton wani dutse na ƙasar Japan da ya gani. Shi da abokin gasarsa Ayinla Kollington suka mai da fuji kishiyar juju, har ya rasu a 2010.

Kalangu ya zo daga baya

Ga abin da ya fi ba ni mamaki cikin wannan tarihi. Yau in an ce juju, abin da ke fara zuwa kunne shi ne kalangun Yarbawa, wanda suke kira gangan, babbansa kuma dundun. Yarbanci kamar Hausa ne, ma'anar kalma tana bin hawa da saukar murya, saboda haka mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya faɗi karin magana ko ya yi habaici, jama'a su gane sarai, kamar dai yadda ake yi a kiɗan mahauta. Alhali kuwa juju ya yi kusan shekara ashirin babu kalangu a ciki. Dalili kuwa mai sauƙi ne: ƙararsa za ta danne banjo da muryar mawaƙi.

Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da lasifika da jita mai lantarki suka shigo, aka sami damar ɗaga murya da tsirkiya su kai ƙarfin fata. Ana danganta shigar da kalangu ga Akanbi Ege wajen ƙarshen shekarun 1940, Ayinde Bakare kuma yana cikin na farko da suka kama jita mai lantarki. Ashe na'urar Bature ce ta buɗe wa gangar gargajiya ƙofa. Masu cewa kayan zamani kullum kashe al'ada suke yi, ya kamata su tsaya su dubi wannan. Da kalangu ya shigo sai 'yan amshi suka ƙaru, kirarin zuriya ya sami gurbi, talakawan da suka baro ƙauyuka neman aiki suka ji kiɗan ya zama nasu.

Wanda ya kai shi ko'ina a ƙasa shi ne I. K. Dairo, haifaffen Offa a 1930. Ya yi aski, ya yi leburanci, ya yi tallan tufafi kafin ya kafa ƙungiyarsa a 1957, wadda daga baya aka sani da Blue Spots. Shi ya shigo da akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri, ya kawo karin waƙoƙin cocin Aladura da na ƙasarsu Ijesha, yana kuma jefa wasu harsunan Nijeriya cikin waƙa, har da Hausa. A 1963 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta MBE. Ya rasu a 1996.

Yaƙi da kuɗin mai

Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, kiɗan manyan otal na Ikko shi ne hailaif mai kakaki da bigila, wanda ya sami ƙarfi daga Gana, irin wanda Bobby Benson ke yi a gidan rawarsa na Caban Bamboo. Da rikici ya ɓarke, aka shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, makaɗan hailaif da yawa 'yan Gabas suka koma gida, fili ya zama na juju. Ana gama yaƙi kuma kuɗin mai suka zubo. 'Yan kwangila da manyan 'yan kasuwa mata suka sami abin liƙi, ƙungiyar da ta faro da mutum uku ta koma ta mutum ashirin da motar ɗaukar kaya.

Mutum biyu suka raba zamanin a tsakaninsu. Ebenezer Obey, wanda ya kafa ƙungiyarsa a 1964, ya fi karkata ga wa'azi da nasiha da yabon attajirai. Sunny Ade, ɗan gidan sarautar Ondo da aka haifa a 1946, shi kuwa gwanin jita ne da rawa. Ya ƙara wata jita ta kwance wadda ake gogawa da ɗan ƙarfe tana kuka kamar goge, asalinta daga tsibirin Hawai, ta biyo ta kiɗan makiyayan Amurka. Bayan rasuwar Bob Marley a 1981, kamfanin Island ya ɗauke shi, ya fitar da faifansa mai suna Juju Music a 1982, ya zaga Turai da Amurka da shi. Faifan da ya biyo baya a 1983, Synchro System, ya shiga jerin masu takarar lambar Grammy. A 1989 Shina Peters ya ƙara masa sauri, ya ɗebo gangunan fuji ya zuba, samari suka sake rungumarsa.

A gefe guda kuma Fela, ɗan Abekuta, yana can yana dafa tasa tukunyar da hailaif da jaz da kiɗan baƙaƙen Amurka, shi da mai gangarsa Tony Allen. Wannan labari ne mai zaman kansa, amma girkin iri ɗaya ne. Har yaran yau masu kiɗa da kwamfuta ba su bar hanyar ba. Asake, wanda ya tashi a tsibirin Ikko ya yi tashe a 2022, muryar fuji ya ɗora a kan wani kiɗa na Afirka ta Kudu mai suna amapiyano.

Abin da ya rage

Na ƙare yawona a titin Broad, a tsohon kurkukun Turawa wanda aka mayar wurin shaƙatawa a 2010 aka sa masa suna Freedom Park. Ana kiɗa a can da dare, tsoho da sabo. Wannan abin yabo ne. Amma ba kowane wuri ya yi wannan sa'a ba. Ilojo Bar, wani tsohon benen Aguda da ke kusa da dandalin Tinubu, yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, duk da haka aka wayi gari a 2016 an rushe shi. Gidajen Olowogbowo sun zama shaguna da ma'ajiyar kaya. Mai wucewa ta Balogun ba abin da zai nuna masa cewa a nan aka haifi kiɗan da ya kai sunan Nijeriya Turai. In gini ya faɗi, faifai ya fashe, tsoho ya kwanta dama, wa zai gaya wa na baya?

Wannan mantuwa tana da haɗari fiye da asarar katako da tubali. Kowane lokacin zaɓe sai an tayar da gardamar wane ne ɗan gari wane ne baƙo a Ikko, kamar yadda aka gani a 2023, har ta kai ga zage-zage da tsoratarwa. Ba mai musun cewa garin yana da masu shi, ga fadar Iga Idunganran nan a Isale Eko, ga sarakunansu da al'adunsu. Juju kuma na Yarbawa ne, da harshensu ake yinsa, su suka raine shi. Sai dai wanda ya tashi rawa a gaban makaɗan nan ya sani yana taka sawun matuƙin jirgi daga Laberiya, da kafinta daga Bahia, da akawu daga Saliyo, da mai goge daga Arewa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. A Ikko raɓar ba ta bushe da hantsi ba, ƙasa ta shanye ta, abin da ya tsiro kuwa kowa yana ci.

Mu ma akwai abin dubawa a gida. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi ake yinsa, kayan kanti ne na Bature, amma ba wanda ya taɓa cewa ba kiɗan Hausa ba ne. Ina faya-fayen Shata da Ɗan Ƙwairo da Garba Sufa na asali suke, wa ke adana su, wa ke rubuta tarihin waɗanda suka yi musu kiɗa da amshi? Ya kamata gidajen rediyonmu da jami'o'inmu da hukumomin al'adu na jihohi su tashi tsaye tun sauran waɗanda suka ga zamanin suna da rai.

Wanda kuma Allah ya kai shi Ikko, ko fatauci ko aiki, kada ya tsaya a Agege da Idi-Araba da Obalende wurin 'yan'uwa kaɗai. Ya ware yini guda ya taka daga Idumota zuwa Campos, ya yi salla a masallacin Shitta-Bey, ya ɗaga kai ya dubi tsofaffin benayen tun suna tsaye. In dare ya yi ya ji an saki kalangu a wata rumfa, ya ɗan dakata ya kasa kunne. Gani ya kori ji, amma a wannan tafiya ana bukatar duka biyun.